Ranar Da Aka Naɗe Filin Malacate

Doña Hermila tana ɗaure wa wata mata damin furanni ke nan sai ga Evaristo, ƙanin mijinta, ya kutso cikin kasuwa yana ɗingishi, hula a hannu, yana haki kamar wanda kare ya biyo.

"Matar yaya, bar furen nan. Suna naɗe fili."

"Wane fili? Tun da safe ka fara sha ke nan?"

"Ko ɗigo ban sa a bakina ba. Filin ƙwallo! Sun kawo inji yana yankar ciyawar, suna naɗe ta kamar tabarma suna lodawa a tirela. Sun gama da kudu, sun cinye tsakiya. Saura ragar arewa."

Ta miƙa wa matar furanninta, ta ce wa maƙwabciyar rumfa ta duba mata kaya, ta ja mayafi. Mijinta Tacho yana ragar arewa, gindin turken hagu. Can ta zuba tokar gawarsa da hannunta, yadda ya bar wasiyya. Yau kuwa ɗaya ga Nuwamba. Da la'asar za a kaɗa ƙararrawar coci, matattu su shigo gari, kowa ya sauka inda aka ajiye shi, daga nan ya bi furen da aka zuba masa har gida ya ci abinci. In aka loda Tacho a tirela, ina zai sauka?

Ƙungiyar Malacate ta girmi duk mai numfashi a garin Real de San Onofre. Mahaƙan azurfa suka kafa ta, suka sa mata sunan injin da ke sauke su cikin rami ya kuma hauro da su, mai rai da gawa. Turawan da ke kula da ramin su suka zo da ƙwallo. Da fari aikin mahaƙa ɗauko ta ne in ta faɗa kwari, har ranar da suka haɗa nasu mutum goma sha ɗaya suka lallasa iyayen gidan nasu. Kofi ɗaya tal ƙungiyar ta taɓa ci. Ta hau rukuni na ɗaya, ta faɗo, ta sake hawa. Da ramin ya rufe sai ta shiga yawo hannu hannu. Mai siminti ya riƙe ta, ɗan siyasa ya karɓa ya mayar da rigarta launin jam'iyyarsa. A ƙasar nan ƙungiya kamar saniya take, wanda ya saya ya ja ta garinsu. Bana wani attajiri daga can bakin iyakar arewa ya saye ta. Ya tafi da gurbinta na gasa, ya tafi da kofin, ya ɗinka shekarar da aka kafa ta a ƙirjin sabuwar riga, ya kuma sa mata sunan wani kifi, a garin da ko rafi babu.

Zuba toka kuwa ya samo asali tun shekarar da rami ya rufta da mutane, har da golan ƙungiyar. Ba a ciro ko ɗaya ba. Matansu suka ƙona kayan sawar mazan suka zuba tokar a ragar arewa, don ita ce ke kallon bakin ramin. Tun daga nan duk wani mayen Malacate da ya mutu, can yake cewa a kai shi.

Sun tarar da ƙofar filin a buɗe. An cire kujeru, an sauke allon maki. Ƙasa a tsirara, ja, kamar dabbar da aka feɗe. Rana tana sama sosai, amma wurin shiru, ko tattabarun da suka saba zama a rufin kwano babu. Injin yankan yana tsaye a kashe. Leburori sun koma can ƙarshen kudu sun zauna a inuwar tirela, abincinsu a buɗe a gabansu, ba mai ci. A bakin ragar arewa an riga an yanka ciyawar layi layi, tana shimfiɗe inda take.

Wani ƙato mai jar hular kwano ya taro su, waya a hannu. Shi ne Baldomero, shugaban aikin.

"Mama, ba a shiga."

"Ina shiga filin nan tun uwarka ba ta san ubanka ba. Matsa."

"Aiki ake yi. Me kike nema?"

"Mijina."

Ya waiwaya ya dubi leburorinsa. "Duk yarana baƙi ne, daga arewa na zo da su."

"Ba cikin waɗancan ragwayen ba. Ga shi can, gindin turken hagu."

Evaristo ya matso yana nuni da hula. "Nan yayana Tacho yake, mai gangar 'yan kallo. Gaba kaɗan Don Cleofas mai aski. Tsakiya tsoffin 'yan rami. Ta dama akwai wani mai sayar da lemo da ya mutu yana zagin alƙalin wasa, bai ƙarasa zagin ba. Ni ma na kama wurina kusa da su, sai ga ku."

Baldomero ya dube shi, ya dubi ciyawar, ya ɗan ja ƙafarsa baya daga kan layin.

"Ba wanda ya gaya mini," in ji shi. "Maigida, wanda ya sayi ƙungiyar, ya ce wannan ɓangaren shi ya fi so. Zai shimfiɗa shi a sabon filinsa ranar buɗewa, a kira 'yan jarida. Wai tarihi ne. Tun safe yake kirana."

"Tarihi," in ji Hermila. "Mutum ne mai warin ƙafa da minshari, na kwana da shi shekara da shekaru. Yaushe za ku tashi?"

"Da tuni mun tashi."

"Me ya hana ku?"

Wani dattijo cikin leburorin, da ya taso ya tsaya nesa kaɗan, shi ya amsa.

"Gaya mata mana, shugaba. Mun naɗe ta mun ɗora a mota. Muka juya ɗauko wata, muka dawo muka same ta a shimfiɗe a wurinta. Muka sake ɗorawa, ta sake dawowa."

"Igiya ce ta kwance," in ji Baldomero.

"Igiya ce ta sauko da ita ta jera ta daidai layi? Ni dai na gama. Taɓa ki ji, Mama."

Hermila ta tafi gindin turken hagu ta durƙusa, gwiwoyinta suna ƙara. Ta ɗora tafin hannu a kan ciyawar. Da ɗumi. Ba ɗumin rana ba ne, irin ɗumin shimfiɗar da mutum ya tashi daga kanta yanzun nan. Ta sunkuya ta shinshina. Maimakon ƙanshin ɗanyar ciyawa sai ta ji hayaƙin taba da ɓawon lemo da gumin mutane a cunkushe. Can ƙasa kuma akwai wani abu kamar sauti, irin numfashin da jama'a ke ja tare in an ajiye ƙwallo za a buga fenareti. Ba ta ɗauke hannun ba.

"Wannan layin zan ɗauka," in ji ta.

"Mama, aikina za ki ci mini."

"Maigidan naka ya taɓa taka filin nan?"

"Bai taɓa ba."

"To ciyawa ciyawa ce. Je ka yanko masa ta kwana ka cike gurbin. Can ba kowa sai fitsarin 'yan wasa. Ya shimfiɗa, a ɗauke shi hoto."

Wayarsa ta hau ruri. Ya dube ta har ta gaji ta yi shiru.

"Kai ba ka da matattu?" in ji ta.

"Mahaifiyata. Bara ta rasu."

"Kana nan kana kokawa da mazan mutane, ita ta zo ta tarar da gida ba kowa."

Ya cire hular kwanon ya share goshi. "Layi ɗaya. Kuma ban gan ki ba."

Evaristo ya aro baron leburori. Ya raɗa wa Hermila, "Sauran fa? Don Cleofas fa?"

"Kowace ta zo ta ɗauki nata. Ni nawa na zo ɗauka."

Naɗin bai fi ƙaramar darduma ba, amma sai da Baldomero da dattijon da Evaristo suka haɗu a kansa suna nishi kafin ya hau baro. Tayar ta lotse har ƙarfe ya kusa taɓa ƙasa.

"Yaya ya yi ƙiba a lahira," in ji Evaristo. Ba wanda ya yi dariya.

Dattijon ya koma ya taɓa layin da ke kusa da ɗan yatsa, sannan da tafin hannu. Ya naɗe shi, ya ɗaga da hannu ɗaya kamar tsumma.

"Ta huce," in ji shi a hankali. "Shugaba, duk sun huce. Ba komai a ciki."

Hermila ta ji shi sarai. Ta gyara mayafinta ta ce wa Evaristo ya tura.

Gidanta yana saman tudu, unguwar tsoffin mahaƙa. Shi yana turawa, ita tana ja da igiya ta gaba, suna tsayawa kowace kusurwa su huta. Karnukan layin da ba sa barin ko keke ya wuce suka shige ƙarƙashin motoci. Wani tsoho da ke zaune ƙofar shago ya miƙe ya cire hula, sannan ya tsaya yana duban hular a hannunsa kamar bai san dalilin cire ta ba.

"Nauyin nan ba na mutum ɗaya ba ne," in ji Evaristo.

"Ƙarfinka ne ya ƙare. Kwalba ta shanye shi."

"Matar yaya, kin dai ji abin da dattijon nan ya ce."

"Tura."

A tsakar gida suka shimfiɗa ta, tsakanin wurin wanki da tukunyar barkono. Ta yayyafa mata ruwa. Teburin matattu dama tun jiya ta shirya shi: hoton Tacho da gangarsa, kyandir, burodi, kwalbar giyarsa, karan taba. Ta jawo teburin kusa da ciyawar, ta zuba fure daga bakinta zuwa ƙafar teburin, tafiyar da ba ta fi taku ba. Ta shiga kicin ta zubo masa miyar kaza mai baƙin yaji a faranti, da tortiya, wato gurasar masara, masu zafi a naɗe cikin tsumma. Faranti ɗaya, kujera ɗaya. Sannan ta zauna a bakin ƙofar ɗaki ta haɗa hannuwa a cinya. Shekarun nan duk a fili take tarbarsa, cikin taron mata, kowace da nata kukan. Bana dai za ta same shi ita kaɗai.

Ƙararrawar coci ta fara.

Da fari ba komai. Sai harshen kyandir ya kwanta gefe guda ya ƙi tashi, alhali ko ganye ba ya motsi. Kujerar ta yi ƙara. Hermila ta saki numfashi, ta buɗe baki za ta yi masa sannu da zuwa.

Sai ta ji tari. Busasshen tari na wanda ƙurar rami ta cinye wa ƙirji, kuma Tacho bai taɓa shiga rami ba. Wani tarin ya amsa daga wajen wurin wanki. Sai jan ƙafa a siminti, nan da can, irin na mutanen da ke matsawa a benci don wani ya samu wuri. Tsakar gidan tana nan fayau cikin hasken la'asar, ba kowa, amma iska ta yi nauyi, warin taba da lemo ya cika ko'ina. Tururin miyar ya rabu ya bi hanyoyi da yawa.

Evaristo ya manne da bango, ya tattare kafaɗu.

"Matar yaya," in ji shi, muryarsa ƙasa ƙasa. "An taka mini ƙafa."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Doña Crescencia ce, matar marigayi mai aski, fure a hannu ɗaya, kwanon abinci a ɗayan, idanunta jajur.

"Comadre, aminiyata, na je fili na tarar da ƙasa tsirara. Na zauna na yi kukana na taso zan tafi gida."

"Gidanki ai yana ƙasan tudu."

"Na sani. Ƙafata ce ta ƙi." Ta leƙa ta saman kafaɗar Hermila, hancinta yana motsi. "Man gashinsa ke nan. Cleofas yana ciki, ko?"

Hermila ta duba bayan Crescencia. Layin ya cika da mata suna haurowa a hankali, baƙaƙen mayafai, furanni, kwanoni a rufe. Wasu da sanda, wata jikarta na riƙe da ita. Ba mai magana. Ba wadda ke tambayar hanya.

Ta daɗe a tsaye riƙe da ƙyauren. Sannan ta juya ta dubi ciyawar da kujerar da farantin nan guda.

"Kai dai ba ka da kunya, Tacho," in ji ta. "Kana da rai ba ka taɓa shigo mini gida kai kaɗai ba, kullum da gayyar mayunwata a bayanka. Na ɗauka mutuwa za ta gyara ka."

Kujerar ta sake yin ƙara.

"Evaristo, bar bangon nan ka zo ka buɗe ɗaya ƙyauren."

Ta ratsa tsakar gidan a karkace, tana cewa a ba ta hanya. Ta ɗauke farantin daga tebur ta juye shi cikin tukunya. Ta kamo tukunyar da tsumma, ta fito da ita gaba ɗaya, ta dire a tsakiyar ciyawar.