Rantsuwar Injiniya Nu'uman

Ya'u ya ture kwalaben lemo gefe, ya ɗora Alƙur'anin da ya shigo da shi naɗe cikin farin ƙyalle a tsakiyar teburin taro. Kowa ya zuba masa ido.

"Kwamared, wannan fa ba ya cikin ajanda," in ji Munzali, shugaban ƙungiyar ma'aikata, murya ƙasa-ƙasa.

"Yanzu ya shiga."

Zaman da aka saba yi ne duk bayan wata uku tsakanin ƙungiya da shugabannin ofishin kula da gine-gine, har da wani babban jami'i da ya zo daga Katsina. An gama maganar baburan aiki da suka mutu, an gama ta ɗakin ajiye taswira da ke yoyo. Saura batu na uku, wato umarnin baki. Kowa a ofishin nan ya san halin shugabansu, Injiniya Nu'uman, da ke zaune a wurin: ba ya rubuta komai. Zai kira ka, ya tura ƙofa, ya ce, "Je ka sa wa Alhaji wane hannu, na duba." Kai ka sa hannu, kai ke da suna a takarda. Alƙalamin da ke aljihunsa kuwa, ado ne kawai.

Haka aka yi wa Ya'u a kan wani benen shaguna da ke hanyar Mashi. Ya je ya gani da idonsa, rodi sirara kamar tsinken tsire, siminti an yi masa rowa. Ya dawo ya ce ba zai yiwu ba. Injiniya ya ce ya sa hannu, Ya'u kuwa ya sa, don mai iyali ne kuma matsoraci, shi da kansa ba ya musun wannan. Ruwan Agusta na sauka, bene ya rufta kan magina uku. Biyu sun fito. Badaru bai fito ba, kuma Badaru mijin Murja ne, ƙanwar Ya'u uwa ɗaya uba ɗaya.

Wata biyar ke nan da dakatar da Ya'u daga aiki. Gaban kwamitin bincike Injiniya ya ce shi bai ma san da zancen ba. Murja ta gama takaba a gidansu, amma har yau in Ya'u ya shigo tsakar gida sai ta tashi ta shige ɗaki.

"Ranka ya daɗe," Ya'u ya dubi jami'in Katsina, "ba ni da shaida, daga ni sai Injiniya sai Allah a ofishinsa ranar. Tunda jiha ta ce shari'a take yi, to ya rantse bai umarce ni ba."

Jami'in ya gyara zaman hularsa. "Malam Ya'u, ka san abin da kake nema kuwa? In ya rantse, magana ta mutu, kai kuma takardar kora ce. Ka ɗauke wannan, mu san yadda za a yi ka koma bakin aikinka ranar Litinin."

Munzali ya taka masa ƙafa ta ƙarƙashin tebur. "Karɓi, don Allah."

"Ya rantse," in ji Ya'u.

Munzali ya ɗauka barazana ce, don a tsorata mutumin ya amsa laifinsa. Ina! Ya'u ba amsa laifi ya zo nema ba. So yake ya rantse. Yana yaro ya ga yadda Audi dillalin shanu ya dafa Alƙur'ani kan ƙarya a kasuwar Daura, kafin kaka bakinsa ya karkace, ya ƙare ana juya shi a kan tabarma. Abin da yake wa Injiniya fata ke nan, dare da rana, har cikin sujada. Aiki? A cinye aikin. Shi dai ya ga hannun nan ya sauka a kan littafin, sai ya koma gida ya zauna ya jira.

Injiniya Nu'uman ya yi 'yar dariya. "Ai wannan mai sauƙi ne." Ya cire agogo, ya fita. Suna jin ƙarar buta a bakin famfo.

Ya dawo hannun riga a naɗe, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Ya'u ya kwance ƙyallen da kansa, ya tura masa littafin har gabansa, cikin ladabi kamar mai miƙa wa baƙo abinci.

"Bismilla, yallaɓai."

Injiniya ya miƙa hannun dama. Ɗora, Ya'u ya ce a ransa, ɗora mana, azzalumi. Tsakanin yatsun da bangon bai kai kaurin takarda goma ba. Hannun ya tsaya nan. Can sai ya janye shi, ya cusa tsakanin gwiwoyinsa.

"Ni na ce ya sa hannu," ya faɗa, idonsa a ƙasa.

"Allahu akbar!" Munzali ya buga tebur har kwalabe suka yi ƙara. "A rubuta! A rubuta yadda ya faɗa!"

Aka rubuta. Jami'in Katsina ya ce daga yau duk umarni sai a rubuce, Malam Ya'u ya dawo aiki, shi kuma Injiniya zai koma hedikwata har a ga abin da hali ya yi. Kowa ya san ma'anar wannan, wani ofishin ne da wata kujerar.

'Yan ƙungiya suka yanyame Ya'u, wannan ya ja hannu, wancan ya dafa kafaɗa. Shi kuwa ta tsakaninsu yake leƙen Injiniya, wanda ya share fuska da hankici, ya mayar da agogonsa, ya ɗauki lemo ya kurɓa. Bakinsa daidai, ƙafafunsa daidai, lafiyarsa lau.

"Kwamared, ka wanku! Sunanka ya wanku!" in ji Munzali. "Me kuma ya sa ka ɓata rai?"

Ya'u ya naɗe ƙyallen a hankali.

"Saura ƙiris, Munzali," ya ce. "Saura ƙiris ya taɓa. Ya kuɓuce mini."