Abincin da Malam Ya Ci a Indiya

Tun da Malam Muhyiddeen ya dawo garin Fassi daga aikin ƙodar da aka yi masa a Indiya ya daina cin abinci. Tuwo ya yi masa nauyi, fura ta yi tsami. Abu ɗaya yake so, wani abinci da ya ci a can, wanda bai san sunansa ba. Kullum ramewa yake yi, har wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa.

'Yarsa Ramlat ta tsare ƙanenta Sadisu, wanda ya raka Malam jinya.

"Kai da ka zauna da shi, me ya ci?"

"Wallahi Yaya, wani abu ne rawaya-rawaya."

"Rawaya! An kai ka har Indiya, ka dawo mana da launi?"

Wayarsa cike take da hotunansa a gaban dogayen gine-gine. Babu na kwano ko ɗaya.

Sai ta shiga ajin girkin Indiya da wata Hajiya Ihsan ta buɗe a Rano. Hajiya a Indiya ta yi karatu, kuma ba ta barin kowa ya manta. Komai nata "na asali" ne. Ba a zuba kayan ƙamshi a ruwa, sai an soya su a man shanu. Ranar da Ramlat ta jefa daddawa, Hajiya ta ɗauki tukunyar ta zagaya aji da ita kamar an kama ɓarawo a kasuwa. Ramlat ta haɗiye, saboda Malam.

Duk Asabar takan hau acaɓa ta dawo da kula a cinya. Ta kawo biryani, dafa-dukar shinkafa ta Indiya, Malam ya shinshina, ya sa albarka, ya ture. Ta kawo kaza cikin jar miya mai kirfa da kanumfari, ya ture. Sadisu ke cinyewa, yana rantsuwa sak na Indiya ne. Har kumatu ya yi.

Ranar da kula ta sake dawowa ba a taɓa ba, Ramlat ta shiga madafa tana huci.

"Yau kowa abin da ya samu zai ci!"

Ta watsa shinkafa da ɓarzajjen wake a tukunya, ta lafta ruwa, ta barbaɗa kurkum don shi ne kusa da hannunta. Ba gishiri, ba mai. Ta fito tsakar gida tana zazzaga wa Sadisu masifa, tun daga kumatunsa har hotunansa. Kafin ta gama, girki ya caɓe kamar fate. Haka ta zuba, ta ajiye gaban mahaifinta, ba ta ko ɗaga ido ba.

Malam ya kai cokali ɗaya. Ya ƙara. Ya sa yatsa ya suɗe kwanon.

"Shi ne! Wannan ake kawo mini a gadon asibiti."

Ashe abincin marasa lafiya ne. Ramlat ta waiwaya neman Sadisu, tuni ya kai zaure.

"Ramlatu, akwai saura?" in ji Malam. "Kuma ki gaida malamar nan taku. Ta san aikinta."

"To, Baba."

Ta koma madafa. Sai da ta cika masa kwanon taf, sannan ta yi jifa da ludayin.