Kitson Rumaisa

Inna Bara'atu na kan layi na huɗu a kan Rumaisa sai tsinken kitso ya suɓuce mata. Ta jingina da bango, ta kira ni ta saman katanga.

"Aziza, taho ki kama min kitson ga. Kada ki yi sauri."

Kafin la'asar, Inna ta cika.

Shekara talatin tana kitso a unguwarmu a Wurno, kuma ita ce idon kwamitin mata masu kare yara. Abin da hijabi ya rufe, mai kitso ke fara gani. Haka ta ga ƙeyar Rumaisa, marainiya 'yar shekara tara: shatar igiya da tabon wuta, aikin baffanta Mainasara, wai don awakin da take kiwo sun shiga gonar albasa. Inna ta hana ta komawa gidansa. Malama Firdausi, shugabar kwamitin, ta tafi Sakkwato neman takardar da za ta raba yarinyar da gidan.

Ko ƙasar kabari ba a karkaɗe ba, sai ga Mainasara a zaure da dattawa biyu. Har da hawayensa, marar kunya.

"A turo muna ɗiyarmu," in ji shi. "Mai riƙonta ta tahi."

"A rufa asiri," wani dattijo ya ƙara. "Zancen gida na."

Zuciyata ta tafasa. Wata shida waɗannan dattawan suna jin ihun yarinyar nan, ko tari babu wanda ya yi. Na janyo Rumaisa, na zaunar da ita tsakanin ƙafafuna, na ɗaga murya.

"Kitso nika mata. Ina kunka taɓa ganin an hidda ɗiya mace da rabin kai?"

"Kitso ranar mutuwa? Mi kika nuhi?" in ji Mainasara.

"Wasiyyar mamaciya ta. In kana iyawa, shigo cikin mata ka ɗauke ta."

Tsakar gida cike da masu gaisuwa. Matan suka matso da tabarminsu, suka tare ƙofa. Mainasara ya ce zai jira.

Firdausi ta bugo waya: takarda na hannunta, amma motarsu ta mutu a Acida.

"Saura layi nawa?" Rumaisa ta tambaya.

"Da sauran aiki, ɗiyata."

Na sa tsinken Inna, na warware layin da na gama, na sake tsaga shi daga fari.