Zaren Hular Inna Bilki

Ƙaurin ne ya fara tsallako katanga. Mutmainna tana tsugune a bakin rariya tana wanke-wanke, ciki ya tokare mata gwiwa, sai ta ɗaga kai ta shinshina. Dambu ne ke ƙonewa, kuma daga gidan Inna Bilki. Duk unguwar nan ta bayan kasuwar Jibiya babu wanda ya taɓa jin ruwa ya ƙone a ƙarƙashin madambacin tsohuwar, ko da kuwa hira ta yi daɗi.

"Inna," ta kira. "Inna, tukunyarki ta kama."

Ba a amsa ba. Ta yafa zane a ka, ta zagaya ta zaure da kumfar sabulu a hannu.

Inna Bilki tana kwance a gefen murhu, fuskarta a ƙasa, kwarashin saƙa yana cikin yatsunta. Dunƙulen ulu ruwan ɗorawa ya gangara har gindin randa, ya bar zare miƙe a tsakar gida. Bakin zanenta ya kusa taɓa wuta. Mutmainna ba ta tsaya tunanin wata takwas da ke jikinta ba. Ta sa hannu a hammatar tsohuwar ta ja ta, ta sake ja, har inuwar rumfa. Wani abu ya tsarga mata daga ƙugu zuwa mara, ta cije leɓe, sannan ta ɗaga murya ta kira mijinta Imrana.

Dambun Asabar tsohuwar al'ada ce a gidan. Tun 'ya'yanta suna ƙanana Inna take turara tsakin masara da zogale, ta zuba ƙuli da albasa da man gyaɗa mai ƙamshi. Da suka girma suka watse, Asabar ce ke tattaro su. 'Yarta Mufida ta zo daga Daddara da yaranta, babban ɗanta Zunnuraini ya tsallako daga Maraɗi, wanda Inna ba ta faɗin sunansa saboda ɗan fari ne, sai dai ta ce "na Maraɗi". Shekarar nan kuwa hanya ta lalace. 'Yan bindiga sun addabi daji, an katse layukan waya, mutum sai ya yi wata bai ji muryar nasa ba. Zuwan ya ɗauke, amma Inna ba ta rage mudu ko ɗaya ba. Sai kwanuka suka riƙa tsallaka katanga, kuma na Mutmainna ne ya fi tudu, tun da aka lura ta fara tofar da yawu.

Tsakanin turare na farko da na biyu Inna take saƙa. Babu jaririn da aka haifa a layin da bai sa hularta ba. Tana farawa daga tsakiyar ka tun cikin bai tsufa ba, ta yi ta zagayawa tana saukowa, amma ba ta taɓa rufe bakin hula ta yanke zare sai mai ita ya iso duniya. Haka hular za ta zauna a kwando, manne da dunƙulenta.

Mutmainna ta riƙe wannan abu da hannu biyu. Kafin su gudo daga ƙauyensu Riko ta yi ciki biyu. Na farko ta cika akwati da kayan jarirai 'yan Maraɗi, na biyu aka kawo mata shawul tun da sauran lokaci. Duka biyun ta haife su ba su yi kuka ba. Saboda haka a wannan karon ko safa ba ta bari ta shigo ɗakinta ba. Hular da Inna take saƙa wa wannan cikin kaɗai ta yarda da ita, don ba a gama ta ba. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, don ta san Imrana zai ce ta yi istigfari, amma a ranta ta ɗauka cewa muddin zaren nan bai yanke ba, ɗanta yana nan.

Malamin asibitin da aka ɗauko ya ce hawan jini ne, ɓarin dama ya shanye. Ya ce a kai ta Katsina. Inna ta girgiza kai da ƙarfin da ya rage mata, kuma babu direban da ya yi marmarin hanyar da rana ta riga ta karkata. Imrana ya tafi Magama, can bakin iyaka inda waya ke kama layin Nijar, don ya sanar da na Maraɗi. An aika wa Mufida, ta iso kafin magariba, idanu jawur.

Duk wannan kai-komo Mutmainna tana tsaye a jikin ƙofa, hannunta a kan ciki. Yaron da ya saba damunta da shuri har ta riƙa yi masa tsiya, tun da ta ja Inna bai motsa ba. Ta so ta tambayi malamin asibitin. Ta buɗe baki, ta ga maza cike da ɗaki, ta kuma tuna yadda fuskar ma'aikaciyar jinya ta canja a wancan karon, sai ta haɗiye maganar. Tsoro ya hana ta ci, ya hana ta gaya wa mijinta. Da dare ta yi ta juyi tana danna gefen cikin da yatsa har gari ya waye.

Da hantsi Mufida ta leƙo ta katanga. "Ke take ta nema. Ta ƙi shan kunu."

An jingina Inna da filo. Bakinta ya karkace, magana tana fitowa da nauyi kamar ana jan buhu, amma idon hagun nan yana nan da wayonsa. Ta nuna kwandon saƙa da haɓa. Mutmainna ta ɗauko, ta ga hular a sama, wani ya naɗe zaren da ya warware jiya ya soke kwarashin a jiki.

"Zauna, ɗiyata. Rufe ta."

Mutmainna ta janye hannu daga hular. "Inna, ai da saura. Idan kin warke kya rufe da hannunki."

"Wane hannu?" Inna ta dubi damanta da ke kwance a kan tabarma kamar ba nata ba. "Ban barin aiki a buɗe. Rufe."

"Ban iya ba."

"Kin iya. Ni na koya miki."

Gaskiya ne, ta koya mata, ko da yake saƙar Mutmainna ba ta taɓa wuce abin dariya ba. Ta ɗauki kwarashin, ta ajiye. Ba ta taɓa yi wa tsohuwar nan musu ba, ga shi tana ganin alamar ba za ta kwana da yawa ba. Amma ta dubi zaren, sai hawaye suka ɓalle.

"Inna, don Allah kada ki sa ni. Ke kanki ba ki yankewa sai an haihu. In aka yanke yanzu..."

Inna ta zuba mata ido. Can sai ƙirjinta ya fara girgiza, Mufida ta taso a tsorace, ashe dariya ce.

"Sakarya. Mi kika ɗauka? Kai nike jira in gani. Wani kai kamar ƙwarya, wani kamar lemun tsami. In na rufe ban gani ba, in ɓata ulu." Ta huta, ta maida numfashi. "Rai na Allah ne. Zare zare ne."

"Bai motsa ba, Inna." Maganar ta kuɓuce mata. "Tun jiya da na ja ki. Ko sau ɗaya."

Mufida ta dafe ƙirji tana salati a hankali. Dariyar ta bar fuskar Inna, Mutmainna kuma ta ga tsoro a idon da ba ta taɓa ganin tsoro a cikinsa ba. Wannan ya fi komai karya mata zuciya.

"Matso."

Ta matsa. Hannun hagun Inna ya hau cikin, busasshe mai ɗumi, yana lalube daga sama zuwa ƙasa, ya danna nan, ya danna can. Babu abin da ya amsa. A waje wata babbar mota ta wuce tana nishi, kwanon rufi ya ɗauki rawa.

"Mi kika ci tun jiya?"

Mutmainna ta sunkuyar da kai.

"Mufida, dambuna fa? Kada ki ce mini kun zubar."

"Ƙasan ne ya ƙone, Inna. Na kwashe saman na ɗumama."

"Zubo mata. Da ruwan randa mai sanyi."

"Inna, ba zai wuce ba," in ji Mutmainna.

"Ba ke nike ba wa ba."

Haka ta zauna a bakin tabarmar mara lafiya da kwano a cinya, tana tura dambu mai warin hayaƙi, hawaye yana ɗiga a ciki. Hannun Inna bai bar cikin ba. Ta ci loma, ta kora da ruwa, ta sake ci. Ta cinye rabi ba ta ji komai ba sai bugun zuciyarta. Ta fara karanta duk addu'ar da ta zo bakinta, tana haɗa farkon wata da ƙarshen wata. Inna ta rufe ido, har Mufida ta matso tana duban ƙirjinta.

Sai ga shi. Da farko kamar kifi ya juya a ƙasan ruwa, sannan shuri sosai, daidai tafin hannun tsohuwar, har hannun ya ɗaga.

"Alhamdu lillahi," in ji Mufida, ta zame ta zauna a ƙasa.

Inna ba ta buɗe ido ba. Yatsunta suka gangara ƙasan mara, suka kama wani abu mai tauri suka auna shi a hankali, yadda take auna kabewa a kasuwa.

"Yunwa ce. Acici, irin uwarshi. Ga kan nan, na gani." Ta ja numfashi. "Babba ne. Ƙara zagaye biyu. Gobe kuma ki tahi awo, ban son gardama."

Mutmainna ta share fuska ta ɗauki kwarashin. Ta yi zagayen farko, Inna tana tsaki duk inda ta tsallake idon saƙa, ta yi na biyu, ta rufe baki. Tsoron bai tafi ba, ya dai koma gefe ya zauna. Inna ta naɗe zaren a yatsanta ta ja shi ya miƙe. Mufida ta miƙo reza. Mutmainna ta yi bisimilla ta yanke, dunƙulen ya faɗa kwando.

Inna Bilki ta cika bayan azahar, Mufida tana riƙe da kanta. Na Maraɗi ya iso ana haɗa ta, bayan jandarmomi sun tsare motarsu a Ɗan Isa. Da aka dawo daga maƙabarta ya zauna a zaure, ƙanwarsa ta ajiye masa ɗan abin da ya rage a madambaci. Ya daɗe yana kallon kwanon kafin ya wanke hannu.

Mutmainna ta haihu ranar wata Talata, namiji, kuma kukansa har zauren maƙwabta. Asabar ɗin da ta biyo baya babu hayaƙi a bayan katanga, babu ƙamshin zogale. Ta jawo hular daga ƙarƙashin filo ta sa masa. Inna ba ta taɓa kuskuren awo ba sai a wannan, don hular ta sauko har kan hancinsa, ya yi ta mutsu-mutsu a ciki. Mutmainna ta naɗe bakin sau ɗaya, daidai inda saƙar tsohuwar mai santsi ta ƙare, tata mai gargada ta fara, idanunsa suka fito.