Ƙahon Da Ke Ƙarƙashin Fiyano

Sila ya sake danna maɓallin da yatsa ɗaya, muryoyi uku suka fito tare: fiyano a sama, ƙahon soja a ƙarƙashinsa, sai wani gurnani kamar babur ɗin da ya ƙi tashi. Matan zumunta da ke sharar coci suka dakata, ɗaya ta rufe baki da gefen zane.

Yayansa Haggai yana bencin baya, ya harɗe hannuwa. Shekara goma sha huɗu yana kaɗa wa wannan coci na unguwar Rikoto a Zuru tsohon kibod mai matattun maɓallai biyu, ya iya tsallake su har ba mai ganewa, kuma ba wanda ya taɓa tsayawa bayan sujada ya ce masa sannu da aiki. Sai ga Sila ya dawo daga aikin soja a Laberiya da kibod sabo dal a kwali. Fasto ya sa jama'a suka miƙe suka tafa masa, mahaifiyarsu har da hawaye, kwamiti kuma ya yanke cewa gobe, ranar godiyar kaka, mai kaya ne zai kaɗa kayansa. Haggai ne ya fara ɗora yatsun Sila a kan maɓalli tun yana firamare, amma wannan ba wanda ya tuna.

Matsalar ta soma ne ranar Alhamis. Kibod ɗin ya zo da wasu ƙananan faranti biyu na ƙarin muryoyi, Sila ya kwance ƙasansa ya zura su, tun daga nan kowane maɓalli ya koma magana da baki uku. Ya canja waya, ya canja sifika, ya kashe ya kunna ya fi sau ashirin. Littafin bayani kuwa ya ɓata a hanya. Duk wannan faman bai juyo ko sau ɗaya ya ce, Yaya zo ka duba ba, kuma wannan ya fi tafin da aka yi masa ci wa Haggai rai.

Da rana ta take, Sila ya share gumi ya ce zai je kasuwa ya kira Obinna mai shagon kayan lantarki. Matan ma suka fita sharar tsakar gida. Haggai ya jira ƙarar babur ɗin Sila ta ɓace, sannan ya taso.

Bai ɗauke shi rabin awa ba. Ya bi ɗan gilashin da ke gaban kibod ɗin shafi bayan shafi, har ya iso inda aka jera layuka goma sha shida. Uku ne a kunne, dukansu suna sauraron maɓallai ɗaya: na ainihin kibod ɗin, da ɗaya daga kowane faranti. Ba abin da ya lalace. Ya kashe biyu, ya rage ƙara sosai, ya ɗora hannu.

Muryar da ta fito bai taɓa jin irinta a ƙarƙashin yatsunsa ba, tas kamar ruwan dutse. Ya kaɗa baiti ɗaya, ya ƙara wani. Ya tuna gobe, Sila a zaune a nan, cocin cike, shi kuma a benci yana tafi. Sai ya mayar da layukan biyu yadda ya same su, ya koma mazauninsa.

Obinna ya zo tare da Fasto. Ya saurara, ya leƙa ƙasan kibod ɗin da tocila, ya faɗi gaskiyarsa cewa shi rediyo da talabijin ya sani. Mai yiwuwa faranti ɗaya ya ƙone. In sun yarda zai aika da shi Onitsha wurin wani da ya sani, mako uku ya dawo. Sila ya ce hutunsa ranar Laraba zai ƙare, kuma bai san inda za a tura shi ba, balle yaushe zai sake ganin Zuru. Fasto ya yi ajiyar zuciya, ya juyo baya.

"To, Haggai, sai ka fito mana da tsohon naka gobe."

Abin da yake so ke nan, an ba shi a hannu. Ya jira daɗin ya zo, bai zo ba. Sila ya cire wayar sifika yana naɗe ta a hannu a hankali, kansa a sunkuye, ga tabon da ya dawo da shi a wuya, wanda har yau bai gaya wa kowa yadda aka yi ba.

"Mayar da wayar nan," in ji Haggai. "Bari in gani."

Ya yi niyyar ya ɗan yi lalube don kada a gane, amma yatsunsa suka riga shi. Dannawa huɗu, ya kai shafin, ya kashe layukan. Ya taɓa maɓalli ɗaya, fiyano ya fito shi kaɗai. Obinna ya yi dariya ya ce ashe likita na gida. Sila bai yi dariya ba.

"Yaya, yaushe ka gano?"

"Yanzu."

Sila ya dube shi ɗan lokaci, ya dubi gilashin, ya gyaɗa kai. Sai ya ja kujera ya zauna.

Haggai ya ɗauka zai ji kaɗe-kaɗen yaron da ya koyar. Abin da ya ji daban ne. Hannun hagun Sila yana wasu juye-juye da shi bai sani ba, wani wuri can aka koya masa su, kuma ya iya ƙwarai. Matan suka yar da tsintsiya suka shigo, masu wucewa suka tsaya a taga. Fasto ya lumshe ido yana kaɗa kai.

Haggai yana tsaye a gefen kibod ɗin, bai san inda zai sa hannuwansa ba. Alice matarsa, wadda tana cikin masu shara, ta taɓa kafaɗarsa ba tare da ta dube shi ba.

"Ɗan matsa kaɗan, Baban Rachel, ka tare mana shi."

Ya matsa.