Inci Goma Sha Huɗu

Noti na biyu na gindin bindigar ya ƙi juyawa. Na ɗiga masa mai, na jira kamar yadda Delbert ya koya mini, sannan na sake kafa sukundireba na danna da ƙarfi. Ya yi ƙara ya saki, amma bakin sukundireban ya zame ya karci kan notin.

"Allah ya sa bai ji ba, Kawu Arlo," in ji Janelle, tana leƙen falo. "Ko a wannan halin sai ya tashi ya kore ka."

Ubanta Delbert Kruse yana can kwance a gadon da asibiti suka kawo, robar iska a hancinsa, maganin da nas ta ba shi da azahar ya kwashe shi. Kwana goma ke nan da likitoci suka ce a mai da shi gida, huhunsa ya gama aiki. Ran nan Talata ce. Ranar Juma'a motar masu gwanjo za ta zo daga Billings ta kwashe bindigoginsa arba'in da biyu, kuma suna son hoton lambobin cikin kowacce.

Shekara talatin da huɗu katanga ɗaya ce tsakanina da Delbert. Duk wanda ya gaji tsohuwar bindigar farauta mai liba, irin wadda ake jan ƙarfen ƙasanta a mayar ta ɗana harsashi, to ƙofarsa zai zo. Daga jihohi uku ake tuƙo mota. Delbert zai sa tabarau, ya shinshina katakon, ya bi rubutun bututu da farce, ya cire gindin ya duba ko lambar da aka buga a ƙarfe ita ce a jikin katako. In ya gama ya rubuta ƙaramin kati, ya sa hannu, ya ɗaura a jikin liba. Katin Delbert ba a musu da shi. Na ga ƙato ya fita daga kicin ɗin nan idonsa jajur don an gaya masa bindigar kakansa haɗe-haɗe ce, bututu na wata, gindi na wata.

Yanzu hannunsa rawa yake, shi ya sa ni nake kwancewa, shi yana ba da umarni daga gado, yana kirana mai hannun ɗaure shanu. Mun yi talatin da ɗaya barci ya ɗauke shi. Janelle ta ce mu ci gaba. Ta buɗe akwatin ƙarfe ta ɗauko wata gajeriyar bindiga.

Wannan ita ce 'yar lelensa. Bututunta inci goma sha huɗu, haka masana'anta ta ƙera ta wa masu kafa tarko a daji, kuma irinta kaɗan suka rage. Katinta ya ce daga hannun wata gwauruwa a Idaho ya same ta. Ni kaina na sha ɗaukar masa jakarta zuwa baje kolin bindigogi, ina tsaye a gefe mutane suna kallonta ta cikin gilashi.

Da notin da na karce ya fita, na ɗaga farantin ƙarfen da ke gindinta. Akwai rami a cikin katakon, wanda ba na masana'anta ba, kuma an cusa wata takarda a nannaɗe. Janelle ta zaro ta da tsinken gashi, ta warware a hankali bisa tebur.

Lasisin farautar barewa ne na shekarar 1958. Sunan da ke kai Nils Lindgren.

"Lindgren," in ji Janelle. "Ai sunanku ne."

"Babana ne," na ce.

Nan take na gane bindigar. Babana yana da wata gajeriyar bindiga da ba ta barin bayan kujerar a-kori-kurarsa. Ya shafe ta da koren fenti irin na tarakta, ya naɗe gindinta da baƙin salatif, har ba wanda ya san launin katakonta. Da ita ya koya mini harbi, da ita na kashe barewata ta farko. Da ya rasu a 1991 na kawo ta kicin ɗin nan don a wanke mini ita. Delbert ya aza ma'auni a bututun, ya girgiza kai. Ya ce wani makiyayi ne ya yanke shi da zarto, kuma duk bututun da bai kai inci goma sha shida ba, ajiye shi laifi ne mai kai mutum kurkuku. Lokacin 'ya'yana ƙanana ne. Ya ce in bar ta, zai yanka ta da wuta ya binne, ba wanda zai ji. Har ya ba ni wata doguwa da ke rataye a bango, ya ce in riƙe don tunawa da tsoho.

Na rungume shi ran nan. Tun daga lokacin, duk safiyar da dusar ƙanƙara ta sauka, hanyar garejinsa nake fara sharewa kafin tawa. Shekara ashirin da takwas.

A aljihun jakar bindigar akwai takardu biyu. Ɗaya daga ma'ajiyar tarihin masana'anta, mai tabbatar da cewa da gajeren bututu ta fito. Ɗaya ta gwamnati, mai halatta ajiye ta a matsayin kayan tarihi. Dukansu na shekarar 1992 ne.

Da la'asar ya farka. Idonsa bai sauka a kaina ba, a kan bindigar ya sauka, farantin a hannuna.

"Wa ya ce ka taɓa wannan?" Muryarsa ta fito kamar ana jan buhu a ƙasa. "Notin nan ba wanda ya juya su tun daga masana'anta. Ka san abin da ka yi?"

"An juya su, Delbert. Sau ɗaya, a 1958. Tsatsa ce ta rufe sawun."

Na aza lasisin a kan bargonsa. Ya daɗe yana kallo. Abin da na gani a fuskarsa ba kunya ba ce. Haushi ne irin na gwani da ya gano ya yi kuskure a aiki. Shi da yake cire gindin kowace bindiga da ta shigo gidan nan, wannan kaɗai ya ƙi buɗewa, don ya riƙa alfahari da cewa hannu bai taɓa shiga cikinta ba.

Na tambaye shi yaushe ya gane ba yanke bututun aka yi ba. Ya ce tun kafin in ajiye ta a tebur. Katakon da ke ƙarƙashin bututun gajere ne, zoben da ya riƙe shi yana daidai wurinsa, rubutun bai kai baki ba. Bututun da aka yanke ba ya zama haka. Ya faɗi wannan tiryan-tiryan kamar yana koya wa baƙo, yana tsayawa ya ja iska.

"Wata uku na yi ina cire fentin ubanka da auduga," ya ce. "Koren fenti, Arlo. Da na bar maka ita, da tana bayan mota tare da igiya da gwangwanin mai."

"Da tana bayan motata."

"Da ta mutu."

"Ka ce za a ɗaure ni. Na kwana uku ban ci abinci ba."

Ya juya fuskarsa wajen taga. Janelle tana tsaye a ƙofar kicin, tsumma a hannunta. Ta girma a gidan nan tana jin cewa ubanta bai taɓa sa hannu a kan ƙarya ba.

"Baba, ta wa ce?" ta tambaya.

Ya ce ta gyara masa robar hancinsa, tana damunsa.

Na ɗauki katin na riƙe a gabansa. Na ce ba rigima nake so ba, ba zan kira lauya ba, ba zan ce wa masu gwanjo komai ba. Layi ɗaya nake so. Ya soke matar Idaho, ya rubuta sunan babana da hannunsa. In ya yi haka, ko an tafi da ita Billings, duk inda ta je sunan Nils Lindgren zai bi ta. Ya rufe ido. Na jira har agogon bango ya buga biyar, sannan na mayar da farantin, na ɗaure notin, na saka lasisin a aljihu na fita.

Laraba ban shiga ba. Matata Maxine ta dafa miyar kaza ta ce in kai, na ce ta kai da kanta. Ta dawo ta ce fasto ya zo ya tafi, Delbert kuma ya tambaya ko ina fushi ne har yanzu, kamar dai fure kawai ya taka mini. Na yini a gareji ina gyara abin da bai lalace ba.

Alhamis da hantsi Janelle ta buga waya. Ta ce ya nemi biro da katin gajeriyar. Ta ɗora masa a kan faranti, ya kore ta, ya ce aikin kati ba a yin sa ana kallo. Ta ce in zo, tana ta murna.

Na sa takalmi na tsallaka. Ban tsaya share hanya ba, na kutsa cikin dusar ƙanƙarar da ta sauka da dare har gwiwa. Da na shiga, nas tana cire masa robar. Kansa ya karkata wajen taga, bakinsa a ɗan buɗe, biron ya faɗa cikin bargo. Hannunsa na dama yana dafe da katin a ƙirjinsa. Janelle ta zare shi ba ta duba ba, ta sa a aljihun rigarta, ta kifa kanta a kafaɗata. Na riƙe ta. Tun tana rarrafe nake ɗaukarta.

Juma'a motar gwanjo ta zo kamar yadda aka shirya, don Janelle ta ce ba za ta iya sake kwana da bindigogin a gidan ba. Ta taga na ga mutum biyu suna fito da dogayen jakunkuna. Ban ƙirga ba. Asabar muka binne shi bayan coci, ƙasa ta daskare har sai da aka kawo injin haƙa. Mutane sun zo daga jihohi uku. Wani tsoho ya kama hannuna ya ce irin Delbert a gaskiya ba za a sake yi ba. Na ce masa sannu da hanya.

Lahadi da safe Janelle ta loda motarta za ta koma Spokane. Ta ƙwanƙwasa ƙofarmu, jakar gajeriyar a hannunta.

"Arba'in da ɗaya na ba su," ta ce. "Wannan taka ce, Kawu. Katin yana ciki. Na karanta." Ta kau da kai. "Da ma ban karanta ba."

Bayan ta tafi na zauna a kujerar baranda na buɗe jakar. Katin yana ɗaure a jikin liba. Tsohon rubutunsa yana nan tsaf: bututu inci goma sha huɗu, na asali. Matar Idaho tana nan, ko ɗigo bai taɓa ta ba. Layi ɗaya ya soke, wanda ya ce ba a taɓa kwance gindin ba. A ƙasansa, da rubutu mai karkarwa wanda ya gangara har gefen katin, ya ƙara: An kwance sau biyu. Noti na ƙasa ya karce. Sai sa hannunsa.

Na ɗauko sukundireba, na buɗe farantin, na nannaɗe lasisin babana na mayar da shi raminsa. Na kwance zaren katin, na rasa inda zan ajiye shi, sai na bar shi a kan gwiwata.

Dusar ƙanƙara ta fara sauka. Shebur ɗina yana jingine a katangar da ke tsakaninmu, inda na bar shi ranar Talata. Na zauna da bindigar a cinyata ina kallon sawun tayar Janelle a hanyar garejin Delbert yana cikewa a hankali.