Ɗinki a Jikin Motar Iliyasu

Motar Iliyasu ba irin wadda za a nuna wa manomi ba ce. Kujera biyu gare ta, rufinta tamfol ne da ake naɗewa, ga ta ƙasa-ƙasa kamar za ta lashi hanya. Matata Maryamu ta ce ko tunkiya ɗaya ba za ta kai kasuwa ba. Amma ni Dallatu, da na shekara talatin ina kwance injin tarakta a Kano kafin in yi ritaya in dawo noma a gefen Minjibir, na san abin da ke ƙarƙashin murfin injinta.

Iliyasu aminina ne, mutumin Makoda. Tun muna samari ya dawo da ita daga karatu a Turai, kuma ni nake duba masa injinta. Da Allah ya yi masa rasuwa, 'yarsa Asiya ta sa aka ɗauko motar aka kawo gidana.

"Baba Dallatu," in ji ta, "ba wanda ya san ciwonta sai kai. Amana ce na ba ka."

Na yi mata rumfar kwano a bayan gida. Kowace Juma'a da hantsi in tada ta, in bar ta ta yi ɗumi. In goge fulogi, in wanke kafireto, in duba baƙin mai da ruwan lagireto. Na ɗora ta a kan katako don kada tayoyin su gaji, na toshe duk kafar da ɓera zai bi ya ci waya. Doka ɗaya Iliyasu ya sha nanata min: jikinta ba ƙarfe ba ne, wata irin roba ce mai zare-zare a ciki, shi ya sa ba ta da nauyi. "Ko gwiwar hannu kada ka dogara a kanta," haka yake cewa. Ni ma haka nake yi wa kowa ihu, har limamin garinmu sai da na hana shi jingina.

To, ranar da abin zai faru, mun gama sussukar wake, buhuna na tsakar gida, sai hadarin ƙarshen damina ya taso ba sallama. Muka shiga kwasa. Ɗaki ya cika, zaure ya cika, saura buhu biyu. Ruwa yana gudu a ƙasan rumfar motar, ba wurin ajiye su, sai na ce a raina minti nawa ne. Da hannuna na ɗora su a kan murfin injin. Ban ma gama juyawa ba na ji ƙas!

Tsagar ta taso daga kusa da fitila ta tafi kusan kamu biyu. Na tsaya ina kallonta, ruwa na dukan bayana. Ba akuya ba, ba baƙo ba, ni ne.

Da yamma Asiya ta kira, kamar an gaya mata.

"Baba, ya mutuniyar?"

"Lafiyarta ƙalau," na ce. Bakina ne ya faɗa kafin in yi shawara da shi.

"Madalla. Ƙarshen wata zan zo da maigidana, bai taɓa jin kukanta ba."

Na ajiye wayar, kunya ta hana ni cin tuwo.

Washegari na kira Kamilu mai walda. Ya ƙwanƙwasa murfin da ɗan yatsa, ya ce in ya kusanto da wuta narkewa zai yi kamar bokitin roba. Na sayo gam na ɗura, ya bushe, na tada inji. Da motar ta girgiza sai gam ɗin ya buɗe, tsagar ma ta ƙara tafiya. Kwana huɗu ina wannan wauta, Maryamu na kallona daga bakin murhu.

"Malam," ta ce, "abin nan fa ƙwarya ce ta fashe. Kai kuwa ka san mai gyaran ƙwarya."

Na sani mana. Mahaifinmu gyartai ne, mai ɗinkin ƙwarya, yana bin kasuwanni da jakar fata a kafaɗa. Tun ina makaranta nake ɓoye wannan. Da na shiga birni na kama sifana, duk wanda ya tambaye ni sai in ce babana manomi ne. Iliyasu kansa, shekara arba'in muna cin abinci a kwano ɗaya, haka na gaya masa, kuma ban taɓa kai shi garinmu ba. Ƙanena Sama'ilu ne ya gaji jakar. Ranar bikin 'yata, da abokan aikina suka tambayi ko wane ne wancan, na ce wani mutumin garinmu ne. A kunnensa na faɗa. Tun daga ranar, gaisuwar Salla ce kawai ke haɗa mu.

Ranar kasuwa na sami Sama'ilu a gindin wata bishiyar darbejiya, ƙorai da robobin wanki sun kewaye shi. Na tsuguna na gaishe shi, ina ta kewaye-kewaye da maganar damina.

"Yaya," ya ce, bai ɗago daga ɗinkinsa ba, "me ya fashe?"

Da sassafe ya zo a kan kekensa. Muka kwance murfin muka kifa shi a kan tabarma. Ya shafa tsagar, ya kalli gam ɗin da na lafta, ya kalle ni. Da ma zagina ya yi, da ya fi min sauƙi.

"Tsaga tafiya take yi," ya ce. "Sai an tare ta tukuna."

Ya huda ƙaramin rami a daidai inda ta tsaya, ya huda wani a inda ta fara. Sannan ya jera ƙananan huji gefe da gefe da basillarsa, a karkace, yadda zaren zai kwanta ta ciki. Da zaren masunta ya ɗinke, yana ja yana ɗaurewa, kowane ɗauri da ɗan kan nan mai lanƙwasa irin na mahaifinmu. Ni da na yi zamani da manyan injuna, aikina a ranar shi ne riƙe masa gefen murfi. Da ya gama na shimfiɗa ƙyalle da gam mai ƙarfi a kan rabin ɗinkin, gam ya ƙare, sauran rabin ya zauna a fili ta ciki. Ta waje kuwa na cike, na goge, na fesa jan fenti. Muka mayar, na tada inji. Ko motsi tsagar ba ta yi ba.

Maryamu ta zagaya motar sau biyu ta ce ita ba ta ga komai ba. Nan Shaiɗan ya zauna a kafaɗata. In ban buɗe murfi ba, wa zai sani?

Ranar da Asiya ta zo, Sama'ilu ya biyo karɓar basillarsa da ya mance. Yana ganin baƙi sai ya koma can gefen rumbu ya rakuɓe da jakarsa, inda ya san na saba ajiye shi. Na tada motar, kukanta ya cika gidan. Asiya ta share hawaye, mijinta yana ta ɗaukar hoto. Ta shafa murfin, daidai wurin.

"Kamar sabuwa! Baba, shi ya sa ban ba kowa ita ba. Allah ya saka da alheri."

Na so in ce amin in yi shiru. Amma na hango Sama'ilu yana kallon ƙasa, sai amin ɗin ta maƙale. Na kashe inji, na ɗaga murfin.

"Asiya, ƙarya na yi miki. Ni na fasa ta, buhun wake na ɗora mata. Ranar da kika kira, a fashe take. Kuma ba ni na gyara ba." Na nuna shi da hannu. "Ga wanda ya gyara. Sama'ilu, ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya. Gyartai ne, sana'ar mahaifinmu ke nan."

Na sunkuyar da kai ina jiran ta ce a kawo babbar mota a ɗauke amanarta. Ta daɗe tana duban ɗinkin. Sai ta zagaya baya, ta buɗe but ɗin motar, ta ɗaga tsohuwar shimfiɗar da ban taɓa ɗagawa ba, don ni inji na sani.

"Baba Sama'ilu, zo ka gani."

Wani ɗinki ne a kwance a can, dogo, zarensa ya yi baƙi don tsufa. Sama'ilu ya bi shi da ɗan yatsa har ƙarshe, ya tsaya a kan ɗaurin.

"Hannun Baba ne," ya ce.

"Tun ina firamare," in ji Asiya. "Wurin nan ne ya tsage, babanmu ya sami mahaifinku a kasuwar Makoda. Suna hira tsohon ya ce yana da ɗa makanike a birni, Dallatu, wai duk Kano ba kamarsa. Kwana biyu ya yi a gidanmu, da shi da babanmu a tabarma ɗaya suke cin abinci."

"Iliyasu ya sani?" na ce.

Asiya ta juyo ta dube ni.

"Ya sani, Baba. Duk gidanmu mun sani. Tsohon ne ya roƙe shi. Ya ce kada a tayar maka da maganar, kana jin kunya."

Na nemi abin da zan dogara da shi, ba komai kusa sai motar. Sama'ilu ya riƙe min hannu kafin in kai.